Ku Ja Carbi a Hankali

Ƴaƴana maza da mata, na nan Kore Mairuwa da waɗanda bida ta kai Legas ko Kwatano ko Abijan, a kan carbi zan yi muku magana, wanda wasunku ke ce wa tasbaha. Abu ne mai araha. Masu teburin turare da hula a bakin titin nan da ya ratsa garinmu daga Doso zuwa Dogon Dutsi suna da shi a rataye, kuma da wuya alhaji ya sauka ba tare da ƙunshinsa cikin tsaraba ba. Arahar ce ta jawo masa raini. Wani ya rataye shi a madubin mota ya zama ado, wani yana wulwula shi a yatsa yana tsaka da ciniki, wani kuma ya jefar da nasa tun ranar da aka ce masa bidi'a ne. Waɗanda suka san abin da ake nema da shi sun fara ƙaranci. Galibinsu tsofaffi ne, kuma ɗaya bayan ɗaya muke raka su makwanci. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani tun da sauran numfashi.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku ga inda ɓarakar ta fito. Ku kun tashi kun tarar da masallaci a kowace unguwa, amma ƙasarmu ta Arewa, ƙasar Arawa, ba ta rungumi salla da wuri ba irin na Kano ko Katsina. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, Arawa sun daɗe suna tare da Kabawa da Zabarmawa wajen ƙin bin Sakkwato. Lokacin da Sarauniya ta tari rundunar Faransawa a Lugu a 1899, al'adar gargajiya ce ke riƙe da mafi yawan gidajen ƙasar nan, kuma har zamanin ƙuruciyarmu gogen bori ba baƙon sauti ba ne a garuruwanmu. Ban kawo wannan don in muzanta kakanni ba. Mutane ne masu amana da jarunta, abin da suka tarar suka yi. Abin lura shi ne, a wancan zamani idan mutum ya kama salla, buta da carbi ne shaidarsa. Da su ake gane cewa wane ya musulunta. Sai carbi ya zama mai aiki biyu: yana ƙirga zikiri, yana kuma yi wa mai shi shela. To yau wa zai yi shakkar musuluncinka a Kore Mairuwa? Aikin shela ya ƙare tun tuni, amma shi muka riƙe, muka saki na ainihi. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, malamin da masu ƙin carbi da kansu suke girmamawa, bai hana ƙirga da shi ba matuƙar niyya ta yi kyau. Inda ya tsananta shi ne a rataya shi a wuya ko a hannu don mutane su gani, domin ta nan riya take shigowa.

Aikin ainihin kuwa ga shi. Duk wanda ya taɓa zama bayan sallama da niyyar tasbihi ya san halin zuciya. Ka fara Subhanallah, kafin ka kai ta bakwai ta tafi gona tana duba ko hatsi ya yi bununi. Daga can ta wuce wurin mai binka bashi, ta leƙa kuɗin takin da ba ka haɗa ba, ta dawo kan maganar da maƙwabci ya yaɓa maka shekaranjiya. Harshe na nan yana motsi, mai shi ya yi nisa. Da damina, idan shuka ta fito, muna kafa turke mu ɗaure akuya, don mun san in an sake ta gonar mutane za ta faɗa. To carbi igiyar nan ce. Zuciya za ta ja, za ta zagaya, amma duk ɗan carbin da ya faɗo tsakanin babban yatsa da manuni yana fizgo ta ta dawo. Sannan yana ɗauke maka nauyin lissafi. Ƴaƴansa 99 ne, an raba su uku da alama bayan kowane 33, yatsa na jin alamar ko cikin duhu, don haka hankalinka ba ya rabuwa tsakanin "nawa na yi?" da ma'anar abin da kake faɗa. Iyakar aikinsa ke nan. Babu wani sirri a jikin itacensa ko robarsa, ba laya ba ne, kuma ba ya tsare yaro daga maye don an cusa shi ƙarƙashin matashi.

Adadin 33 ɗin ma ba masu sana'ar carbi suka ƙago shi ba. Talakawan sahabbai ne suka kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa masu dukiya sun tsere musu: suna salla tare, suna azumi tare, amma waɗancan suna sadaka su ba su da abin bayarwa. Sai ya koya musu tasbihi da hamdala da kabbara, kowanne 33 bayan kowace salla. A wata ruwayar Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim an ce a cike ɗari da kalmar tauhidi. Ku lura da waɗanda aka fara bai wa wannan kyauta: marasa abin hannu ne, irinmu.

Amma labarin da ya fi taɓa ni, wanda nake so ƴaƴana mata su riƙe da kyau, na Nana Faɗima ne. Dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta. Ta ji an kawo masu hidima, ta tafi wurin mahaifinta don ta roƙi ɗaya, ba ta same shi ba, ta bar saƙo wurin Nana A'isha. Da dare, sun riga sun kwanta ita da Sayyadina Aliyu, Annabi ya zo ya zauna a tsakaninsu, ya koya musu abin da ya ce ya fi musu mai hidima: idan za su kwanta su yi tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 34. Buhari da Muslim duk sun kawo shi, har da cewa Sayyadina Aliyu bai taɓa barinsa ba, ko a daren yaƙin Siffin. Ke da kika wuni tsakanin turmi da rijiya da ɗebo itace, kika kwanta gaɓoɓi na ciwo, wannan zikirin naki ne, domin a kan gajiya irin taki aka koyar da shi. Ku kuma mazaje, kada wani ya fake da wannan labari ya hana matarsa kuɗin injin niƙa. Annabi da kansa yana taya iyalinsa aikin gida.

Yanzu ga babbar cutar da nake gani, wato gaggawa. Akwai ɗan zoben lantarkin nan mai ƙirga da ya cika kasuwa. Ban ce haramun ne ba, amma na ga abin da yake koya wa yara: a danna, a danna, a duba lamba, har a nuna wa aboki cewa yau an yi dubu kaza. Masu carbin ma ba su tsira ba. Za ka ga mutum yana zubo ƴaƴan uku-uku, huɗu-huɗu, leɓe na rawa, ba harafi ɗaya da ya fita daidai. Ku tuna da Nana Juwairiya, matar Annabi. Ya bar ta a wurin sallarta da asuba, ya dawo da hantsi ya tarar ba ta tashi ba, sai ya gaya mata cewa ya faɗi wasu kalmomi huɗu sau uku bayan fitarsa, waɗanda da za a auna su da duk abin da ta faɗa tun safe, da sun rinjaya. Ashe awo ake yi, ba ƙirga kawai ba. Ƴan'uwanmu Tijjanawa suna da lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ga wazifa mai istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100 da Jauharatul Kamali 12. Wanda ke da irin wannan adadi dole ya nemi abin ƙirga, amma shi ne kuma ya fi kowa buƙatar ya kiyayi gudu, domin abin da ake yi kullum shi ya fi saurin komawa al'adar baki. Sannu ba ta hana zuwa.

A nan ilimin likitoci ma yana da abin cewa. Ba mu kaɗai ke ƙirga addu'a da ƴaƴan zare ba. Mabiya addinin Hindu da na Buda suna da nasu mai ƴaƴa 108, ƴan Katolika irin na mishan ɗin Dogon Dutsi suna da nasu mai 59. A watan Disamba na 2001 mujallar likitocin Birtaniya mai suna BMJ ta buga binciken wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa. Sun auna mutum 23 masu lafiya suna maimaita addu'ar ƴan Katolika da harshen Latin, da kuma kalmomin da masu yoga ke maimaitawa. Babba a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, amma a lokacin wannan maimaici sai numfashinsu ya sauko wajen sau 6, bugun zuciya da kai-komon jini suka daidaita da shi, jiki kuma ya ƙara iya sarrafa hawa da saukar jininsa. Tun a 1975 wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard a Amurka, Herbert Benson, ya yi bayanin cewa maimaita kalma ko addu'a a natse, tare da mayar da hankali a kanta duk sanda ya kauce, yana saukar da bugun zuciya. Ba a kan zikirinmu Bernardi ya yi awonsa ba, kuma mu ba don saukar da jini muke ambaton Allah ba. Muna yi ne don Shi ya umarce mu, kuma aya ta 28 a Suratur Ra'adi ta riga ta ɗaura natsuwar zuciya a kan ambatonSa. Amma jikin ɗan Adam ɗaya ne, Mahaliccinsa ɗaya. Abin da nake so ku ɗauka shi ne, amfanin da likitocin suka gani daga jinkiri ya zo. Mai zubo carbi huɗu-huɗu ya rasa na lahira yadda ya kamata, ya kuma rasa na jiki. Ka ja numfashi, ka saki hailala tare da fitarsa, harafi bayan harafi, sannan ka tura ɗan carbi ɗaya.

Wadda na fara ganin wannan a wurinta gwaggona ce, Allah Ya jiƙanta. Ba ta yi allo ba, ba ta yi lakkol ba. Abin da ta sani bayan salla bai wuce istigfari da hailala da salati ba. Carbinta na itace ne, ƴaƴan sun yi baƙi sun yi sulɓi don riƙo. Da mijinta ya rasu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, a ɗaki ɗaya da tabarma da buta. Idan ƴan gaisuwa suka watse, gida ya yi tsit, lokacin ne kuka ke tasowa mata. Sai ta jawo carbin daga ƙarƙashin tabarma, ta miƙe ƙafa, ta fara. Daga ƙofar ɗaki kana jin muryar tana rawa a farko, tana sarƙewa, kafin ta zagayo ƙarshen carbin ta daidaita, kafaɗun da ke sama sun sauko. Wata rana zaren ya tsinke, ƴaƴan suka watse cikin rairayin ɗaki. Ta sa muka tsince su cikin faifai, ta ƙirga, biyu sun ɓace. Ba ta aika kasuwa ba. Ƙwallon magarya ta sa aka samo, ta gasa basilla a wuta ta huda su, ta shirya su da sabon zare. Na ce mata, "Gwaggo, ai da an sayo miki sabo." Ta ce, "Ɗana, wannan hannuna ya san shi." Baƙin cikinta bai tafi rana ɗaya ba, amma bai kayar da ita ba, kuma ban taɓa jin ta zagi ƙaddara ba.

Ku samari, ku ma kuna da naku daren. Wani yaro daga cikin danginmu ya dawo daga bida hannu wayam, ga kunya, ga bashin kuɗin mota. Barci ya ƙaurace masa, sai latsa salula har kiran asalatu, da rana kuma tramol don ya iya riƙe hauya. Abu biyu muka yi masa. Muka kai shi likita, don ƙwayar nan ba a rabuwa da ita da fatar baki. Sannan na ba shi carbi na ce, "In za ka kwanta, bar salula a ɗakin innarka, ka yi na Nana Faɗima. In barci bai zo ba ka kama istigfari, kada ka ƙirga zagaye, kada ka nemi wani abu ya faru." Ya ɗauki lokaci, ya faɗi ya tashi, amma yau yana lambunsa a fadama yana ban ruwa. Ban ce carbi ne kaɗai ya yi ba. Da magani, da haƙurin uwarsa, da taimakon Allah. Sai dai a sa'ar nan ta tsakar dare da hannu ke neman abin riƙewa, ya sami abin da ya fi ƙwaya. Haka mai hawan jini: ya ja carbinsa, ya kuma je a auna shi, ya sha maganinsa. Wanda ya ce maka zikiri ya isar maka ka zubar da magani, ya cuce ka.

Akwai wata cutarwar da ta fi wannan, ita ce ta masu sayar da adadi. A ba yaro wani suna a ce ya ja dubu saba'in cikin dare uku zai sami kuɗi ko farin jini. Yaro ya kulle kansa, ba ci, ba barci, zuciya cike da kwaɗayi, bayan kwanaki a ce ya ja wuridin da ya fi ƙarfinsa, a ɗaure shi. Sunan Allah ba ya haukata kowa. Yunwa da rashin barci da dogon buri su ne ke taɓa kai. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ɗari ɗaya bayan kowace salla har ƙarshen rai ta fi dubu saba'in na dare uku nesa ba kusa ba.

Sai maganar da ta raba gidaje. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 kuma wa'azinta ya iso mana, carbi ya shiga cikin abubuwan da ake jayayya a kansu. Na san wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka daina gaisawa a kan wannan. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma ya kamata ku san ta ɗan'uwanku kafin ku ɗaga murya. Masu barinsa suna kafa hujja da cewa an ga Annabi yana ƙirga tasbihi da hannunsa, kuma a hadisin Yusaira da Abu Dawuda da Tirmizi suka kawo ya umarci mata su ƙirga da yatsu, domin za a tambayi yatsun, za su kuma yi magana. Suna kuma kawo labarin Abdullahi ɗan Mas'udu da ya tsawata wa wasu masu ƙirga da tsakuwa a masallacin Kufa. Shaihu Albani ya tafi a kan bidi'a ne. Masu riƙe shi kuwa suna kawo ruwayoyin da ke cewa Annabi ya tarar da mace tana ƙirga da ƙwallon dabino ko tsakuwa, ya nuna mata abin da ya fi, bai ce ta yi zunubi ba. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, mutumin da ya taɓa rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya yi ɗan littafi sukutum a kan halaccin carbi. Shaihu Bin Baz na Saudiyya ya ce yatsu sun fi, amma bai haramta ba. Abin da na tsaya a kai shi ne wannan: wanda yatsunsa suka ishe shi ya riƙe su, ya dace da abin da ya fi. Wanda lissafi ke kuɓuce masa, ko tsufa ya kama shi, ko adadinsa yana da yawa, ya ɗauki carbi ba tare da nauyin zuciya ba. Mai zuwa Kiyota maulidin Tijjanawa da mai zuwa wa'azin ƙasa na Izala, kalma ɗaya suke faɗa bayan sallama. Malamai sun yi saɓani a kan abin ƙirga, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi saɓani a kan haramcin yanke zumunci.

Abin da ya rage ladabi ne, kuma ba shi da yawa. Idan kana zikiri aka yi maka sallama, ka amsa. In hira ce ta taso, ka ajiye carbin ka yi hirarka, kada ka haɗa ambaton Allah da gulma a numfashi ɗaya. Ka koyi ma'anar abin da kake faɗa, ko da kalma uku ce, ka tambayi malami ba kunya. In ka gama ka sa shi aljihu. Yara kuma a fara musu da yatsu tun suna ƙanana, goma-goma, a gefen uwa ko uba, ba da bulala ba.

Roƙona na ƙarshe ga limamanmu da ladanai ne. Sau da yawa ana yin sallama sai lasifika ta ɗauka: sanarwar ɗaurin aure, cigiyar tunkiya, neman taimakon gini. Mutane ba su kai rabin tasbihi ba an tashe su, samari kuma su ga kamar zaman bayan salla ba kome ba ne. Don Allah ku bar jama'a su cika ɗarinsu a natse, bai wuce minti biyar ba, sannan a yi sanarwa. Ku ma ku zauna ku yi tare da su, domin abin da liman ya yi shi mamu ke koya.